Aya ɗaya, fahimta uku: yadda ake ɗaukar nassi a yi aiki da shi a gida

Tambaya: Malam, ni ɗan ECWA ne, uwargidana a Katolika ta tashi, ƙanena da ke zaune tare da mu kuma wata majami'ar Fentikos yake zuwa. Kullum da asuba mukan yi sujada tare, amma sau da yawa aya ɗaya sai ta zama fahimta uku. Ƙanena ya ce kowane alkawari nasa ne, ya kama shi kawai. Uwargida ta ce a bi karatun da ikkilisiya ta tsara. Yaya zan san ayar da ta shafe ni da yadda zan yi aiki da ita, kuma me ya raba ikkilisiyoyi alhali littafin ɗaya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa gidanka albarka. Gardamar da kuke yi da asuba tsohuwa ce, ta girmi ECWA da Fentikos nesa ba kusa ba, kuma kowannenku yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Dukan Littafin domin amfaninmu aka rubuta shi, haka Romawa 15:4 da 2 Timoti 3:16 suka koyar. Sai dai ba kowace magana da ke ciki ce aka faɗa maka kai tsaye ba. Nuhu aka ce wa ya sassaƙa jirgi, kuma ba wanda ya karanta Farawa 6 ya nufi kasuwar katako. Ke nan kowa yana tantancewa, har da ƙanenka, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya rage shi ne a yi tantancewar bisa ƙa'ida, kada son rai ya yi ta.

Fara da yawan abin da kuke karantawa. Aya ɗaya tak ta yi kaɗan. Lambobin surori da ayoyi babu su a rubutun asali: rabon surori ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a farkon ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa musu lamba a bugunsa na 1551. Don sauƙin nema aka yi su, kuma sau da yawa sukan yanke magana a tsakiya. Saboda haka ka karanta sakin layi guda cikakke, aƙalla ayoyi biyar kafin ayar da biyar bayanta. Sannan ka nemi abu uku: wa ke magana kuma da wa, wace irin magana ce (doka, alkawari, labari, karin magana, addu'a ko wasiƙa), kuma me Yesu da manzanni suka yi da wannan batu.

Mu gwada da Irmiya 29:11, ayar da ake rubutawa a katin aure da bayan mota, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominku, na alheri, ba na masifa ba. Koma aya ta 1, za ka ga wasiƙa ce. Irmiya ya aika ta daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, tare da sarki da fadawa da maƙera da masu sana'a. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya riga ya faɗa wa jama'a abin da suke son ji, wai cikin shekara biyu kowa zai dawo gida. Irmiya ya ce ƙarya ne, Hananiya kuma bai ƙare shekarar ba. To me wasiƙar ta ce? Aya ta 5 zuwa ta 7: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku bauta, ku yi masa addu'a. Aya ta 10: sai an cika shekara 70. Yawancin manyan da aka karanta wa wasiƙar a Babila aka binne su.

Yanzu ga yaron da ya gama bautar ƙasa shekara uku ke nan ba aiki. Idan aka ce masa ayar ta yi alkawari za a kira shi kafin Kirsimeti, maganar Hananiya aka faɗa masa da bakin Irmiya, kuma in Kirsimeti ta wuce shiru, Allah zai zarga. Amma ayar tana da abin da take ba shi, kuma ya fi wancan nauyi: Allahn da bai yar da mutanensa a Babila ba, ba zai yar da shi ba, jinkiri ba shaidar an manta da shi ba ne, kuma akwai aikin yi a lokacin jira. Ya koyi sana'a, ya yi noma in da fili, ya yi wa garin da yake ciki addu'a ko da ba garinsu ba ne. Haka alkawari yake isowa gare mu, ta hanyar halin Allah da ba ya sakewa. Ranar da adadin kuwa na mutanen Babila ne.

Irin wannan ke faruwa da Filibiyawa 4:13. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma ayoyi biyu da ke gabanta sun faɗi abin da yake nufi da iya yin kome: ya iya ƙoshi, ya iya yunwa, ya iya samu, ya iya rashi. Aya ce ta mai jiran albashin da bai zo ba, fiye da ta mai neman cin gasa. Ka tuna kuma Iblis da kansa ya jawo Zabura 91:11-12 a Matiyu 4:6, yana so Yesu ya diro daga kan Haikali. Ayar gaskiya ce, amfanin da aka so a yi da ita ne mugu, Yesu kuma ya amsa da wani nassin, Maimaitawar Shari'a 6:16.

Batun wace irin magana ce, nan mutane suka fi tuntuɓe. Karin Magana 26:4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa wautarsa, aya ta 5 ta ce ka amsa masa. Marubucin da gangan ya jera su, don karin magana tana bayyana yadda al'amura suka saba tafiya ne, mai hikima ke sanin wadda ta dace da lokaci. Don haka Karin Magana 22:6, a kan tarbiyyar yaro, ba takardar garanti ba ce, kuma zalunci ne a ɗora ta a kan iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu yaro ya bauɗe. Labari ma haka: Littafin Mahukunta ya faɗi abin da Yefta ya yi da wa'adinsa, bai ce a kwaikwaye shi ba. Gidiyon ya shimfiɗa ulu ne bayan Allah ya riga ya gaya masa abin yi, alamar tsoro ce Allah ya yi haƙuri da ita. Ga kuma wadda za ka nuna wa ƙanenka cikin ruwan sanyi: Ayuba 22:28, da ake yawan ja a wajen addu'a cewa duk abin da ka zartar zai tabbata. Duba aya ta 1 ta surar, Elifaz ne ke magana, yana zargin Ayuba da laifin da bai yi ba. A Ayuba 42:7 Allah ya ce ya husata da Elifaz ɗin nan don bai faɗi gaskiya game da shi ba. Ɗaukar maganar Elifaz a matsayin alkawarin Allah kamar shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabci ne, likitan ma da aka kora daga aiki.

Dokokin Tsohon Alkawari kuwa, manzanni sun zauna a kansu a Ayyukan Manzanni 15, suka yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya da dukan Shari'ar Musa ba. Daga baya malaman ikkilisiya suka kasa Shari'ar uku: ta hadaya da tsarki, ta mulkin Isra'ila, da ta hali. Toma Akwinas ya yi wannan rabo a ƙarni na 13, Angilikan suka sa shi a ƙa'ida ta 7 cikin ƙa'idodinsu 39 na 1571: biyun farko ba su ɗaure Kirista ba, ta hali kuwa tana nan daram. Rabon yana da amfani, amma kada ya sa ka tsallake Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a, don ko dokar da ba ta ɗaure ka ba tana nuna abin da Allah yake so. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san mudun saye da mudun sayarwa, wanda aka buga wa gindi ya shige ciki. Sura ta 24:14-15 ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya maimaita da zafi. Idan akwai masu nome maka gona ko yarinyar da ke taya uwargida aiki, an gama yi maka wa'azin ranar.

Zakka misali ne na inda ikkilisiyoyi suka rabu a kan wannan rabon. Masu riƙe da kashi ɗaya cikin goma a matsayin doka suna kafa hujja da Malakai 3:10, da Ibrahim da ya ba Malkisadik tun kafin Shari'a, da Matiyu 23:23. Masu cewa ba doka ba ce yanzu suna nuna cewa zakkar Littafin Ƙidaya 18 ta Lawiyawa ce da ba su da gādon ƙasa, ta Maimaitawar Shari'a 14 kuma mai ita ne ke ci a gaban Ubangiji, a shekara ta uku a tara wa baƙo da maraya da gwauruwa. Katolika ba ta ƙayyade kashi ba, ta ce kowa ya tallafa wa ikkilisiya gwargwadon ƙarfinsa. A ganina ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau na farawa, amma ƙa'idar da ba gardama a kanta ita ce ta 1 Korantiyawa 16:2 da 2 Korantiyawa 9:7: a ware a kai a kai, gwargwadon samu, da yardar rai. Inda abin ya lalace shi ne a tsorata gwauruwa da la'anar Malakai, alhali Shari'ar da aka jawo ita ta sa gwauruwa cikin masu karɓa.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Babban abin da ya bambanta al'adun ikkilisiya a wajen karatun yau da kullum shi ne wa ke zaɓen abin da za a karanta, kuma wa ke duba ko an fahimta daidai. Uwargidanka tana magana ne a kan jadawalin da Katolika ta fitar a 1969, bayan Majalisar Batikan ta Biyu. Karatun Lahadi yana zagayawa a shekara uku: shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, Yahaya kuma ya fi fitowa a lokacin azumi da Ista. Kowace Lahadi akwai karatu daga Tsohon Alkawari (a lokacin Ista kuwa daga Ayyukan Manzanni), Zabura, wasiƙa da Bishara. Na ranakun mako kuma shekara biyu yake yi. In kana son sanin shekarar da ake ciki, raba lambar shekara da 3: in saura 1, A ce, in saura 2, B, in ba saura, C. Sai dai sabuwar shekarar ikkilisiya tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Angilikan da Lutaran da Metodis da dama suna bin wani jadawali na 1992 da aka gina a kan wannan. Amfaninsa a fili yake: ba kai ka zaɓa ba, don haka ayar da kake gudu za ta same ka. Rauninsa kuma, akwai wurare da yawa na Tsohon Alkawari da ba ya bi ta kansu, kuma mutum na iya jin karatu shekara da shekaru bai taɓa buɗe Littafin da hannunsa ba.

Angilikan sun gāji wani abu daga Thomas Cranmer, wanda ya shirya Littafin Addu'a na 1549: Zabura 150 an raba su a kwana 30, safe da yamma, duk wata a sauke. Otodoks na Girka da Rasha sun kasa Zabura kashi 20, a gidajen zuhudu ana sauke ta duk mako, a babban azumi sau biyu. Kibɗawan Masar suna da addu'o'in lokuta bakwai a yini, yawancinsu Zabura ne. A wajen waɗannan, aiki da nassi yana farawa ne da mai da shi addu'a har ya zauna a baki, wajen fassara kuma ba a rabuwa da abin da iyayen ikkilisiya na farko suka koyar. Ku na ECWA da COCIN da Baptis kun gāji karatu na kai da kai da nazarin rukuni, irin na Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata, da ƙa'idar cewa nassi ke fassara nassi: wuri mai wuya a haska shi da wuri mai sauƙi. Wannan ya haifar da mutane masu sanin Littafin sosai, ya kuma haifar da mutumin da ya karanta shi kaɗai ya fito da sabuwar koyarwa. Fentikos sun dawo da abin da sauran kan yi sanyi a kansa, wato sa rai Allah zai yi magana yau, kuma a yi addu'a da nassi da gaba gaɗi. Kada ka kashe wa ƙanenka wannan. Abin da yake bukata birki ne, kuma yana cikin littafin da ya fi so: 1 Korantiyawa 14:29 ta ce in annabawa sun yi magana, sauran su auna.

Hanyoyin tauna nassi ma kowa da tasa, kuma ba laifi a ara. Wani ɗan zuhudu a Faransa mai suna Guigo ya tsara matakai huɗu a ƙarni na 12: a karanta a hankali, a yi bimbini a kan kalma ko jimlar da ta tsaya a rai, a mai da ita addu'a, sannan a yi shiru a gaban Allah. Ayoyi goma sun isa, a karanta sau uku. A 1535 Martin Luta ya rubuta wa wanzaminsa Peter wata hanya mai igiya huɗu: me wannan ke koya mini, me zan gode a kai, wane zunubi zan furta, me zan roƙa. Gwada ta da dokar hana shaidar zur. Koyarwa: Allah ya damu da sunan maƙwabcina. Godiya: ya kāre nawa sunan. Furci: jiya na tura wani labari a WhatsApp ban tabbatar ba. Roƙo: ka tsare bakina da yatsana. Minti biyar, yaro ma zai iya. Ignatiyus na Loyola a ƙarni na 16 ya koyar da mutum ya sa kansa cikin labarin Bishara, kamar yana cikin jirgin Markus 4 ruwa na shiga. Tana taimaka wa yara ƙwarai, muddin ba a ɗauki abin da aka zana a zuci a matsayin wahayi ba. Otodoks kuma suna da gajeriyar addu'a da aka haɗa daga Luka 18:13 da 18:38: Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi. Direba a kan hanya da tsohuwar da ba ta karatu duk za su iya riƙe ta.

Wani lokaci kowa ya karanta daidai, amma an bambanta a kan ko siffar aikin ce aka umarta ko manufarsa. A Yahaya 13:14 Yesu ya ce ku wanke ƙafafun juna. EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali daga mishan da suka sauka Garkida a 1923, tana yi da ruwa da tawul a bikin ƙauna tare da Jibin Ubangiji. Katolika da Angilikan da yawa sukan yi ranar Alhamis kafin Ista. Wasu sun ɗauke shi umarni ne na hidimar ƙasƙanci kowace iri. Ɗaurin ɗankwali na 1 Korantiyawa 11 haka: dokar Katolika ta 1917 ta wajabta shi, ta 1983 ba ta ambace shi ba, a majami'un Arewa kuwa yawancin mata suna ɗaurawa don a nan har yanzu yana nufin kamun kai. Sumba mai tsarki ta Romawa 16:16 kusan kowa ya mai da ita musafaha ba tare da gardama ba. Irin waɗannan Romawa 14 ta rufe su: kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada a raina juna.

Akwai biyu da suka fi nauyi. Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawa su yi wa marar lafiya addu'a su shafa masa mai. Katolika da Otodoks sun ɗauke shi sakramenti, firist ke yi. Fentikos da masu bishara da yawa suna yi a matsayin addu'ar bangaskiya. Duk da kyau. Abin da ayar ba ta ce ba shi ne a ajiye magani. Bulus ya ba Timoti shawarar abin sha don cikinsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, shi kansa ya roƙa sau uku ba a cire masa ƙayar ba. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya daina shan magani don an ce ya nuna bangaskiya, jarabar kan Haikali ce aka sake kawo masa. Na biyun shi ne Matiyu 5:39, juya ɗaya kuncin, wanda a ƙasarmu ba batun aji ba ne. EYN ta gāji ƙin ɗaukar makami, ta kuma riƙe shi har bayan da Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi a 2014. Katolika da yawancin Furotesta, bisa Romawa 13:4 da koyarwar da ta taso daga Agustin, ɗaya daga iyayen ikkilisiya na farko, sun yarda da kāre rai da aikin hukuma. Bambancin na gaske ne, ba zan shafe shi ba. Amma dukansu sun haɗu a Romawa 12:19: ramuwa ba taka ba ce, kuma huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ba ikkilisiyar da ta halatta shi.

Ga yadda zan shirya muku sujadar, minti 15 zuwa 20. Ku ɗauki littafi ɗaya ku bi shi daga farko zuwa ƙarshe, Markus ya fi sauƙin farawa, sura 16 ne kawai. Zabura ɗaya ta buɗewa, mutum ɗaya ya karanta sakin layin da ƙarfi, wani ya sake faɗinsa da bakinsa ba tare da duba littafi ba. A nan ake gane ko an ji. Sai tambayoyin nan uku, sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da zai yi kafin dare, mai suna da lokaci. "Zan ƙara ƙauna" ba ya kamuwa. "Zan kira yayata da muka yi wata biyu ba ma magana, bayan an tashi aiki" yana kamuwa, kuma gobe da asuba a tambaya. Ranar Asabar ku karanta Bisharar Lahadi ta jadawalin uwargida, addu'ar rufewa kuma ku bar wa ƙanenka, da sharaɗin ya yi ta daga abin da aka karanta.

In kana son lissafi: Littafin da ke hannunka yana da surori 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabo 260. Sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, ka sauke a shekara. Sabon Alkawari kaɗai, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 cif. Akwai jadawalin da wani fasto ɗan Sikotland, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya a 1842, kimanin sura huɗu a rana daga wurare huɗu, amma ya yi wa gida mai yara yawa. Abin da ke kashe shirin shekara sananne ne: Farawa da Fitowa sura 90 ne, don haka wanda ya fara 1 ga Janairu zai shiga Littafin Firistoci wajen ƙarshen watan, ya tarar da hadayu da dokokin kuturta, ya ajiye. Maganinsa a haɗa shi da Ibraniyawa, a kuma riƙa karanta Bishara a gefe. In an tsallake kwanaki, a ci gaba daga inda aka tsaya, kada a tara bashi.

Abu biyu ka hana a gidanka. Na ɗaya, buɗe Littafin da ka a dangwala yatsa don neman amsar aure ko tafiya. An jefa ƙuri'a a Ayyukan Manzanni 1:26, amma bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki ba a sake ambatar manzanni sun yi ba. 'Yan Morabiya na Herrnhut a Jamus suna buga ayar kowace rana tun 1731, da ƙuri'a ake zaɓen ta Tsohon Alkawari, amma don dukan jama'a su yi bimbini ne, ba duba ba. Na biyu, karanta wa wani rabonsa. Maigida da ya haddace Afisawa 5:22 ya manta 5:21 da 5:25, ko uban da ke jan 6:1 a kan yara bai kai 6:4 ba, wasiƙar wani yake buɗewa. Agustin ya ba da ma'auni tun wajen shekara ta 397: duk wanda yake ganin ya fahimci nassi, amma fahimtar ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, bai fahimta ba tukuna. In fassararka kullum kai take wankewa, ta kuma kayar da wanda kuke saɓani, sake dubawa. Babbar shawara kuma, ko fahimtar da ba ka taɓa jin wani ya yi ba, kai ta gaban fasto ko dattawa, uwargida ta kai wa firist ɗinsu, kafin a aikata.

Saura 'yan abubuwan da kan jawo gardamar banza a gida irin naka. Littafin Katolika yana da littattafai 73, naka 66. Ƙarin bakwai ɗin su ne Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi biyu, da wasu sassa a Esta da Daniyel. Angilikan suna karanta su don koyon hali amma ba sa kafa koyarwa da su. Idan jadawalin Asabar ya faɗo a kan ɗayansu, ku karanta Bisharar da Zabura, su ba saɓani a kansu. Lambar Zabura ma takan bambanta da ɗaya a tsofaffin littattafan Katolika da na Otodoks, don sun bi ƙirgar fassarar Girkanci: Zabura 23 taka ita ce 22 a can. Hausar fassarar 1932 ta yi wa yaran yanzu nauyi, don haka in kuna da tsohuwa da sabuwa ku ajiye su gefe da gefe, inda jimla ta yi duhu a duba ɗayar. Wanda karatu ke ba wuya a kunna masa na murya a waya, sura guda ba ta cika wuce minti biyar ba, sai ya faɗi abin da ya ji kamar kowa.